Mun Rufe Rijiyar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ba shi sauƙin ƙafar da kika ce tana damunsa, ke kuma Ya ƙara miki haƙurin jinyar namiji, wadda na ji mata suna cewa ta fi ta jariri wuya. Mu nan lafiya lau, irin wadda ake faɗa wa mai tambaya. Babba ya koma makaranta, gemu ya fara leƙo masa, yana ta shafa shi kamar wani zai ƙwace. 'Yar tsakiya ta shiga koyon ɗinki, ta rage mini tsawon wando har ba na iya fita da shi, na kuma yaba mata. Ni ina nan a maɗaba'a inda kika bar ni, da jan biro a hannu, ina farautar kurakuran mutane. Tabarau ya ƙara kauri, canjin ke nan.

Kin san ba na zama in rubuta wasiƙa sai in magana ta ƙi shiga waya. Duk sanda kika kira, matata tana kusa, wadda har yau kike ce wa Amarya duk da furfurar da ta fito mata, don haka sai in ce miki komai lafiya, ke ma ki yi kamar kin yarda. Maganar ita ce, Yaya, na rufe rijiyar Baba. Na rufe ta ban tambaye ki ba, alhali ke ce babba, kuma gidan nan naki ne kamar yadda yake nawa. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina kafin dangi su kai miki shi da ƙarin gishiri.

Ba zan maimaita miki ranar da 'yarmu Auta ta rasu ba, kin ji isasshe. Abin da ban faɗa miki ba shi ne saurin abin. Da safe tana tsakar gida tana yi wa 'yar tsanarta faɗa, kafin rana ta take amai da gudawa sun kwantar da ita. Na ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani na unguwa, na tarar da kwaɗo a ƙofa, domin a lokacin nas ba ta zuwa sai ranar da aka turo ta. Kafin mu sami mota, kafin mu kai babban asibiti, kafin a sami jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa, ta cika. Ba mu kaɗai ba ne a layinmu cikin daminar nan. Mai wanki ya rasa jikarsa, kafinta ya rasa mahaifiyarsa. Muka riƙa yi wa juna ta'aziyya kamar masu aron gishiri, yau in kai maka, gobe ka dawo mini da shi.

To kin tuna shekarun da na yi ina rubuta wa hukuma takardun koke a madadin unguwa, a kawo mana famfo, a ba mu ma'aikacin lafiya na dindindin, har kike ce mini lauyan da ba ya cin shari'a? Yanzu duk an kawo. Bayan annobar sai ga motar haƙa da injiniyoyi masu hular kwano. Aka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka shimfiɗa faifan sola, aka jera kawunan famfo a bakin titi. Ɗakin shan magani ya sha fenti, an sa gadaje, an turo nas-nas masu kwana da tashi a nan, ledojin ƙarin ruwa suna rataye kamar an yi shanya. Ranar buɗewa ni aka ce in yi jawabi, wai na fi kowa iya jera magana. Na jera kuwa. Babban baƙo ya kunna famfo, ya kai kofi leɓensa har masu hoto suka gama, sannan ya koma mota wajen ruwansa na roba. A allon da aka kafa akwai kuskuren rubutu ƙato, na gan shi, na wuce. Ni da ba na iya cin abinci in na ga waƙafi ya ɓata hanya. Na tsaya a wurin ina jira in ji haushi, bai zo ba. Na jira farin ciki, shi ma bai zo ba. Na tafa da aka tafa, na dawo gida.

Kada ki ɗauka ina raina aikin. Ruwan yana zuwa, kuma mai kyau ne. Kwanan baya jaririn kafinta ya kama irin ciwon Auta, aka ruga da shi nan bakin titi, nas ta sa masa ruwa, yanzu yana nan yana cizon mutane da sababbin haƙora. Na je barka, na ɗauke shi, na yi masa wasa. Na san abin farin ciki ne, kamar yadda na san sunayen manyan kogunan duniya.

Bayan famfo sai duba-gari ya bi gida-gida yana ɗiban ruwan rijiyoyi a 'yan kwalabe. Da ya dawo, da jan fenti ya dawo, ya shafa wa bakin rijiyarmu alama. Ya yi mini bayani cikin ladabi: lokacin da Baba ya haƙa ta, bayan gidanmu fili ne, yanzu kuwa gidaje sun matse mu ta kowane gefe, kowane gida da masai, rijiyar ba ta da zurfi, in damina ta yi ƙarfi ƙasa takan haɗa abin da bai kamata ta haɗa ba. Ya ce a rufe. Na ce masa ina da yaya a nesa, ba a taɓa kayan gado sai da izininta. Ki yafe mini, na ɓuya a bayanki wata da watanni, kamar yadda na saba tun muna yara. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan tunkari Amarya da maganar ba.

Ga abin da take yi. Ita ce ta fari a layin famfo kullum. Da ruwan famfo take girki, da shi take wanke-wanke, shi take cika wa yara. Ranar da 'yar tsakiya ta ɗauraye cokali da ruwan rijiya, faɗan da ta sha har maƙwabta sun leƙo. Amma da yara sun fita, sai ta je bakin rijiya ta zura guga, ta jawo, ta cika ƙaramin kofin nan shuɗi na Auta mai karyayyen hannu, ta shanye a tsaye. Ta rufe rijiya, ta ci gaba da shara. Ta taga na fara ganinta, ina neman takalmina. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo. Ta rame, Yaya. Akwai ranar da na ga tana yawan zagayawa, tana dafa bango, na tambaya ta ce sanyi ne. Na sa 'ya ɗaya a ƙasa, ga shi ina tsaye a taga ina kallon uwarta tana bin sawunta kofi-kofi.

Ƙanenki kuwa, kin san shi, ba ya ganin abu ya bar shi babu sharhi. Na zauna na yi nazari, na gano dalili. Na ce a raina shari'a take yi. Duk ranar da ta sha ta kwana lafiya, an wanke rijiya daga zargi, in kuwa an wanke rijiya, an wanke hannun da ya ɗebo. Na ji daɗin wannan fassara tawa ƙwarai, har na so a ce akwai wanda zan karanta wa. Na san zan iya rushe mata hujjar kafin shayi ya huce. Na karanta labarin ƙwayoyin cuta, na san cikin babba yakan jure abin da na yaro ba ya jurewa. Amma in na ci wannan gardama, me na ci? Na tabbatar wa uwa cewa ita ta miƙa wa 'yarta. Sai na koma dabara. Na roƙi nas ta ba ni maganin tsabtace ruwa, na zuba a rijiyar ranar da Amarya ta tafi kasuwa. Da safe ta jawo, ta sansana, ta zubar. Da muka zauna karyawa, ba ta ko dube ni ba, ta ce ta ji na ba rijiya magani, ashe ba ta da lafiya ba a gaya mata ba. Ta jira warin ya gushe, ta koma shanta.

A makon jiya na ƙi fita aiki. Na bari yara suka tafi, na ji ƙarar guga, na fito na tsaya kusa da ita. Ta cika kofi. Na miƙa hannu na karɓa, na ce in dai ruwan nan lafiyayye ne, ni ma ƙishirwa nake ji. A zatona na yi wayo, na rutsa ta a lungu da hujjarta. Ban kai shi baki ba ta doke hannuna, kofin ya yi tsalle ya faɗi gindin bango. Tun da muka yi aure matar nan ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba, ko da wasa.

"Kana so yaran nan su rasa uba?" in ji ta.

Na ce, "To uwa fa?"

Ta dubi kofin a ƙasa. Ba kuka, ba ɗaga murya, kamar mai faɗin abin da za a sayo a kasuwa, ta ce, "Ni na ba ta. Da wannan kofin. Ta ce ƙishirwa take ji, na ba ta."

Kin ji, wai ni mai nazari. Ashe ba neman wanke rijiya take yi ba. Ta san rijiyar ce tun kafin duba-gari ya zo da fentinsa. Ta riga ta yanke hukunci, kullum da safe zuwa take a zartar mata.

Na laluba cikin kaina, duk littattafan da na tara har suka hana mu wurin ajiye katifa, ban sami jimla ɗaya da za ta yi amfani ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, igiyar gugan nan ni na sayo ta. Rijiyar Baba ne ya haƙa, Inna ta shayar da mu daga ciki, ke Yaya da ruwanta kika yi mini wanka kina dirje ni kamar tukunya. Na ce in layin masu laifi za a yi, to ta koma can baya ta jira, akwai manya a gabanta. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban sa rai ba. Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta share masa ƙasa da bakin zanenta, ta shiga ɗaki. Ni kuma na sa wandon da 'yar tsakiya ta rage, domin shi ne a kusa, na tafi wajen magini.

Magini ya tambaye ni ko murfi kawai za a ɗora, na ce a cike ta. Suka wuni suna zuba ƙasa da ɓaraguzai, tun ana jin faɗuwarsu cikin ruwa har aka daina ji. Sannan suka shimfiɗa rodi suka zuba siminti. Amarya tana zaune a bakin ƙofa tana kallo, ba ta hana ba, ba ta taya ba. Da rana ta yi zafi ta tashi ta kawo wa leburori ruwa daga famfo. Gungumen nan na bakin rijiya, wanda igiya ta yi wa zane-zane, na hana su jefa shi ciki. Wasu zanen na hannun Inna ne, wasu naki, wasu na Amarya, ba a iya bambancewa. Yana ƙarƙashin gadona, na ajiye miki. Na yi zaton ranar zan yi kuka. Abin da na tsinci kaina ina yi shi ne gaya wa magini gefen hagu bai daidaita ba.

Roƙona biyu ne. Na farko ki yafe mini rijiyar. Na biyu, ki kira Amarya, amma don Allah kada ki ba ta haƙuri. Haƙurin da aka ba ta ya isa ta buɗe shago. Ki yi mata faɗa irin naki na da. Ki ce kin ji labarin ta bar ƙanenki yana yawo da wando a ƙauri, ki ce gishiri ya yi mata yawa a hannu, ki ce duk abin da ya zo miki. Tun rasuwar kowa lallaɓa ta yake kamar fasasshen ƙwai, babu wanda ya ƙara ganin laifinta a ƙaramin abu, shi ya sa ta riƙe babban ita kaɗai. Ke kaɗai ce take jin faɗanki ta ji daɗi.

Har yanzu da yara sun fita takan je ta tsaya a kan simintin. Ni kuma na daina leƙe ta taga. Nakan cika shuɗin kofin a famfo in fito in tsaya kusa da ita, ba na cewa komai, wanda kin san a wajena ba ƙaramin aiki ba ne. Kwanakin farko ko kallona ba ta yi, sai in gaji in ba shukar tumatir. Yau da safe ta miƙo hannu ta karɓa. Ta sansana, ta kurɓa, ta ɓata fuska.

"Ba shi da daɗi," in ji ta.

Na ce na sani.

Ta shanye shi tas, ta miƙo mini kofin, ta ce in wuce na makara aiki.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ya daina taka ƙafar nan yana cewa ta warke. Ki gaishe da 'yan biyu, da Dogo, da takwarana mai ƙiriniya. Babba da 'yar tsakiya suna gaishe ki, ita kuma tana neman awon rigarki, na gaya miki ne don ki shirya. Ki sa Auta a addu'a, ki sa uwarta.

Naki har kullum,
Ƙanenki Mai Tabarau