Jitar Nehemiah

Duwala, Kamaru, 4 ga Maris

'Yata Lizzy,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama Edna, yaya ƙarin haƙuri?

Shekara ashirin da bakwai ke nan rabona da Gombe, sai ga wasiƙarki da rasuwar Nehemiah a ciki.

Kin tambaya ko da gaske babanki ne a kaset ɗin da kika tsinta. Shi ne. Mu uku ne, 'Yan Tsawa: shi jita, ni ganga, Babayo waƙa. Zamanin soja muka ji wani kiɗan Turawa mai ihu, pank suke ce masa, muka ce ai mun fi su abin yi wa ihu. A wani gareji a unguwar Kumbiya-Kumbiya muka fara, da kayan kiɗan cocinku da babanki ke fitowa da su wai zai gyara. Waƙarmu ba ta kai minti biyu, amma sai ta ambaci famfon da ba ruwa da sunan wanda ya cinye aikin. Ba mu taɓa sayar da kaset ba. Wanda ya samu ya kwafa wa mutum biyu, a rubuta "Zumuntar Mata" a bayansa saboda 'yan sanda.

Babayo yanzu yana bin manya da babbar riga, ba na gaishe shi. Amma a wancan lokacin kwana arba'in aka tsare shi bai faɗi sunan kowa ba. Ni kuwa gudu na yi. Ki bar tone-tonen nan, ba abin da muka gyara.

Ki huta lafiya.
Bamanga

Hammadu Kafi, Gombe, 29 ga Maris

Kawu Bamanga,

Ina gaisuwa, Mama ma tana gaishe ka.

Kawu, na saka kaset ɗin ne ina jiran muryar su Mama, sai ɗakin ya girgiza. Baban da ko kaza ba ya kora da ƙarfi! Mama ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu tana bin waƙar, ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Kafin a kai ƙarshe rediyon ya cinye zaren.

Mai gyara ya ce ba ya gyaruwa. Da na rera masa kaɗan daga waƙar sai ya ƙarasa, 'yan acaɓa biyu a bakin shagon suka amshe. Ba wanda ya san masu ita.

Ban ce ka dawo ba. Jitar babana kawai nake so in sake ji.

Taka,
Lizzy

Duwala, 20 ga Afrilu

Lizzy,

Bayan gaisuwa. Na buɗe akwatin kaset ɗinmu da na gudo da shi. Laimar garin nan ta yi ɓarna. Sati biyu ina goge zare da auduga, ina naɗewa da biro. Sannan na zauna na saurara. Ina can baya ina dukan ganga, ashe ban taɓa jin jitar mutumin nan sosai ba.

Wani direban tirela, Mu'azzam, zai kawo miki waɗanda suka gyaru. Allah ya yi miki albarka.

Kaset talatin da ɗaya na fito da su daga gida. Huɗu ke magana. Waƙa tara da rabi, da wuri ɗaya inda babanki ke dariya.

Bamanga