Ba Girkin Inna Ba Ne

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu ma lafiya lau, Baba dai sai ƙorafin gwiwa.

Yaya, na ɓoye miki wani abu har sai da ƙura ta lafa. Kin san Auta na da tsohon ciki, kuma ta dawo gida wajen Inna. To, zazzaɓi ne ya kama ta da ciwon baya, muka kai ta asibiti. Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce a jininta mai suna listeriya, ta abinci ake ɗaukarta, kuma ta fi yi wa masu ciki illa. Tun da Inna ta ji an ambaci abinci, sai ta ɗora wa kanta laifi. Ta ce ita ke girka wa Auta komai, don haka ita ta cuci 'yarta da jikanta. Ta daina shiga kicin. Sai ki gan ta zaune a bakin ƙofa da carbi, tukwane a kife. Ba irin lallashin da ban yi ba.

Ashe an aika jinin Auta zuwa babban ɗakin gwaji. Likitar ta kira mu, ta ce su ma ƙwayoyin cuta suna da dangi, ana duba ƙwayoyin halittarsu a gane zuriyarsu. Ta Auta uwa ɗaya uba ɗaya take da ta wasu marasa lafiya da ba mu taɓa gani ba, kuma an samo irinta a wani cukun kanti, wanda mijin Auta ke kawo mata don kwaɗayi. An kwashe shi daga kantuna. Inna ta sa aka maimaita mata, sannan ta tambaya ko waɗancan mutanen sun warke. Shi kuwa mijin, da ta ga ya sunkuyar da kai, ta ce ya zo gida ya ci abinci, ita za ta girka.

Auta ta sauka lafiya, ko da yake lokaci bai gama cika ba. Mace ce, 'yar mitsitsiya, amma kukanta ya cika ɗaki. Hancinki ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Inna da Baba da mai jego suna gaishe ki. Ki gaida maigidan da 'yan biyu.

Ni ne ƙaninki,
Ɗan Baba