Ƙarfen babur ɗin yayanka ya iso

Auta,

Na tafi asibiti wurin yayanka, ban tashe ka ba. Mai walda ya kawo ƙarfen nan mai kare ƙafa da inji, wanda yayanka ya sa a yi tun kafin haɗarin. Bawan Allah bai ji labari ba, yana ta zolaya wai ina mai babur, ko barci yake? Na ce an yanke ƙafar ranar Talata. Ya durƙusa ya ɗaura shi a jikin babur ɗin. Ni na riƙe masa sifana, ban ji komai ba.

Noti ɗaya na hagu bai kama ba, sai gobe zai kawo wani. Makullin babur ɗin yana jakata. Ka yi haƙuri ka bi mota zuwa aiki, in ka makara ka makara.

Innarka