Fuskar Itacen da Na Ɗora a Fuskata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a ɓoye sunana. Kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, ni ma na zagi kaina har na daina jin zafin zagin.

Shekarata ashirin, a nan Libreville ta ƙasar Gabon aka haife ni. Babanmu mutumin Maradi ne, yana jan babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Na gama sakandare ban ci jarrabawar ƙarshe ba, ina zaune a gida. Yayata ita ce mai karatu a gidanmu. Shekara biyar ta yi tana karanta tarihin zane da sassaƙa, karatun da ba wanda ya gane kansa a unguwarmu. Abokan Baba su ce, "Alhaji, wai 'yarka karatun gumaka take yi?" Sai ya ce ilimi ne, amma a gida bai taɓa tambayarta me ta koyo ba. Da ta gama ta yi shekara biyu tana yawo da takardu, sai wata uku da suka wuce wani ƙaramin gidan tarihi ya ɗauke ta gwajin wata shida. Ranar da ta fara aiki, wata ma'aikaciya ta dubi kallabinta ta ce, "Ke kuwa za ki iya taɓa kayanmu?" Yaya ta dawo tana ba mu labari tana dariya, ta ce za su gani.

Da suka fara shirin baje kolinsu aiki ya yi yawa, sai ta roƙi Madam, shugabar wurin, a bar ni in riƙa goge gilasan da ake jera kaya a ciki ana ba ni kuɗin taksi. Madam ta yarda, da sharaɗin kada in shiga ɗakin ajiya. A ɗakin akwai wata fuskar itace irin wadda mazan kudancin ƙasar nan ke ɗaurawa su yi rawa, fuskar mace ce, fara tas, idonta a lumshe. Aro aka karɓo ta daga wani tsoho. Ya ce kamannin kakarsa aka sassaƙa, farar ƙasar da ke jikinta kuma daga bakin rafin garinsu aka ɗebo, mahaifinsa ne ya shafa da hannunsa kafin ya rasu. Yaya ko numfashi ba ta yi kusa da ita, sai da safar hannu take ɗaukarta.

Ranar Talata da azahar ta tafi salla ta manta makullin ɗakin a kan tebur. Ni kuma na gama cin fanke kenan. Me ya kai ni? Wallahi ban sani ba. So nake kawai in ɗauki hoto ƙawayena su gani su yi dariya. Na buɗe, na ɗaga ta, na kara a fuskata, na ɗauka. Tana warin hayaƙi. Da na sauke sai ga shatin yatsuna na mai a kumatunta. Sai na yi abin da ake yi wa kowane tabo a gidanmu, na jiƙa tsumma na goge. Farin ya biyo tsumman. Na ƙara gogawa wai ya daidaita, sai ga baƙin itace ya fito, faɗin yatsu uku. Ban yi kuka ba. Na mayar da ita akwatinta, na rufa takarda, na ajiye makulli inda yake, na ci gaba da goge gilashi.

Washegari da safe na biya kasuwar Lalala na sayi kalaba, farar ƙasar nan da masu ciki ke ci. Mai sayarwa ta kalli cikina ta ce, "'Yan mata, wata nawa? Mamanki ta sani?" Na yi mata murmushi. Na daka, na kwaɓa a murfin kwalba, da Yaya ta hau sama wurin Madam na zari makullin a jakarta na shafa da yatsa. Da ya bushe, a idona ba bambanci. Masu jera kaya suka saka ta a gilashi, Yaya tana can tana fama da rubuce-rubucen bango. Har na fara cewa Allah ya rufa min asiri.

Ranar buɗewa tsohon ya zo da 'ya'yansa, yana dogara sanda. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Wannan ba ƙasarmu ba ce. Wa ya taɓa ta?" Ɗansa ne ya juyo ya nuna Yaya a gaban baƙi ya ce, "Kun ba Musulma ajiyar kakarmu, me kuke jira? Ai wanke ta za ta yi." Ina tsaye a bayanta riƙe da faranti na kofuna, ko ɗaya bai faɗi ba. Madam ta tambaye ta wa ya shiga ɗakin ban da ita. Yaya ta ce, "Ba kowa." Ba kare ni take yi ba, ko a ranta ba ta kawo ni ba.

An dakatar da ita. Jibi Alhamis su Madam za su zauna da iyalan tsohon a yanke ko za a bar ta ko a kore ta, kuma garin nan gidajen tarihin nawa ne? Duk sun san juna. In aka kore ta da wannan sunan, ba wanda zai sake miƙa mata ko cokalin katako. Baba ya ce, "Dama na san za a yi haka, ban dai so in faɗa ba." Inna ta ce ta zo su riƙa sayar da atamfa, ba a taɓa korar mutum daga atamfa ba. Yaya kuwa tana zaune da littattafanta da hotunan da ta ɗauka ranar da aka kawo fuskar, tana ƙara girman kumatun a waya tana kallo.

Ni kuwa ina cin abinci, ina wanke-wanke, ina salla, duk kamar wata ce ke yi ina kallonta. Hoton yana nan a wayata. Na kasa gogewa, na kasa buɗewa. In na faɗa, ita ce ta kawo ni, ita ta bar makulli, ita ta ce ba kowa, za su ce ƙarya ta yi don ta rufa wa ƙanwarta. In na yi shiru, za ta tafi da sunan wadda ta lalata kayan mutane da gangan saboda addininta, ita da ta fi kowa son abin nan. Shi kuma tsohon, hannun mahaifinsa na wanke da tsumman goge gilashi. Da wane baki zan gaya masa?

Yau da safe ta kawo min rigar da za ta sa ranar zaman in goge mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Auta, kin san duk gidan nan ke kaɗai ce ba ki tambaye ni ko ni na yi ba? Allah ya bar min ke." Na ce amin. Na goge rigar tsaf, na rataye.

Saura kwana biyu. Don Allah, me zan yi?