Mijina Ka Gaya Wa, Ni Ka Bar Ni a Benci

Zuwa ga Farfesa, mai binciken haihuwa, ɗan ƙasar Gwarzo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe. Yaya iyali, yaya gajiyar aiki? Ba zan kira sunanka ba, kai dai ka san kanka. Ni ce Tabawa ta Madadi, matar marigayi Malam Hudu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Na ji a rediyo ana yabonka da za ka ajiye aiki. Aka ce ka yaye ɗalibai ba iyaka, har ƙasashen waje ana karanta bincikenka. Na kuma ji ka da bakinka kana cewa rashin haihuwa ba kullum daga mace yake ba. Da na ji haka sai na kashe rediyon na zauna.

Na farko, bari in tuna maka. Kana saurayi, kana fara wannan bincike, ka zo Gwarzo kana neman ma'aurata da ba su haihu ba. Ni na lallashi Malam muka je. Aka ɗebi jinina, shi ma aka auna shi. Ran da sakamako ya fito, ka gaishe ni da ladabi, ka ce in jira a benci, ka shiga da shi ɗaki. Na san dalilinka. Ɗan gida ne kai, ka san a nan maigida ake gaya wa magana, kuma ka ji nauyin faɗin irin wannan a gaban matarsa. Da ya fito, sai ya ce mini likita ya ce mu ci gaba da addu'a.

Na biyu, ga abin da bencin nan ya jawo mini. Sunana ya koma juya. Na sha sassaƙe har haƙorana suka yi baƙi. Na sha rubutu. An yi mini wankin ciki, na kusa mutuwa da zubar jini. In ana suna a gidan danginsa, ni ce a gindin murhu, ba a miƙo mini jariri sai an ga idon mutane. Shi kuwa Malam bai ƙara aure ba, gari ya ɗauka yana yabonsa, wai ga mai haƙuri da ya riƙe juya. Ni ma har gode masa nake yi, wallahi, ina durƙusawa.

Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu da la'asar, ya riƙe hannuna ya gaya mini. Ya ce tun ranar nan ka shaida masa ni lafiyata ƙalau, daga gare shi ne. Ya nemi gafara, na yafe masa. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya ci shi. Amma a lokacin jini ya daɗe da ɗauke mini.

Ban ce da na sani zan bar shi ba. Wataƙila in zauna. Amma da na zauna da sanina, kaina a ɗage. Jikina ka auna, Farfesa. Jinina ne a kwalbar nan. Me ya sa ba ni aka gaya wa ba?

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Ina da 'yar riƙo, Zuwaira, ɗiyar ƙanwata, ni na goya ta na aurar da ita Dugabau. Shiru har yanzu, ba haihuwa. Kwanan baya suka je gwaji ita da mijinta, wurin wani likita a wajen Kabo da ke alfahari kai ka koyar da shi. Ta dawo ta ce mini an bar ta a waje an shiga da mijin. Yanzu surukarta ta fara cewa ai a gidan juya ta tashi, ta kwaso. Suna shirin maido mini da ita.

Ban san daga wa matsalar take ba, ita ma ba ta sani ba. Kukan nawa ke nan.

Abin da nake roƙo ba yawa. Ka kira ɗalibin nan naka na wajen Kabo, ka sa ya zaunar da Zuwaira ya gaya mata abin da ya gani a jikinta, ko mai daɗi ko mara daɗi. Sauran da ka yaye kuma, tun suna jin maganarka, ka ce musu su daina barin mace a waje. In kunya suke ji, su kira ta ita kaɗai.

Ni ba na neman komai. Sunan ya riga ya bi ni, da shi za a kai ni.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya raya maka 'ya'yanka. Na ji an ce kana da su.

Wassalam.

Tabawa, matar marigayi Malam Hudu,
Madadi.