Ka Dubi Hannun Mama

Facatativá, Kolombiya

Zuwa ga Yaya Ferney,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Marleny da yara. Allah ya tsare ku a Miami, ya ƙara rufa asiri. Mu ma nan kalau, Kawu Efraín ya tashi daga zazzaɓi, Dayana tawa ta shiga aji uku. Sai dai Mama, kuma a kanta na zauna rubutu, don in na kira ka zagi ne zai fito.

Mun ga hoton da ka turo, kana washe baki a kanti, riƙe da furen wardin da ka saya wa Marleny, har da rubuta wai tunda daga Kolombiya ake kai muku furen, ƙila Mama ce ta yanko shi, wai hannunta ƙarfe ne. Sannu, ɗan albarka! Ka san abin da ka jawo? Likita ya ce almakashin yankan fure ya matse mata jijiyar wuyan hannu, ko dai a yi mata aiki ta huta, ko yatsun su mutu. Da ƙyar na lallashe ta, har an sa rana. Tana ganin saƙonka ta ce a fasa, wai ɗanta na alfahari da ita, ba za ta zauna kamar tsumma ba. Washegari ta je gonar furen da take wa aiki ta ba da sunanta don aikin Ranar Iyaye Mata, lokacin da ake yanka tun asuba har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Da murna suka karɓe ta, su da bara suka ce ciwonta na tsufa ne da wankin gida, suka sallame ta da ƙwayar ciwon kai. Allah ya isa.

Ƙarfe, ko? Ni nake sa mata maɓallin riga. Ni nake kwaɓa ƙullun arepa, wainarmu ta masara, ita tana kallo. Shekaranjiya kofi mai zafi ya suɓuce mata ya ƙona cinyarta, ba ta ma ji fitarsa daga hannunta ba. Ta roƙe ni kada in gaya maka. To, na gaya maka.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa duk Lahadi in ka kira ta ta bidiyo take lulluɓe da mayafi, ni ce mai riƙe waya? Ta ce maka sanyi ne, ka yarda, don hakan ya fi maka sauƙi. Tawa maganar ba ta shiga kunnenta, taka kaɗai take ji, kuma ran Litinin motar gonar za ta zo ɗaukarta.

Ka gaida Marleny da Brayan da 'yar auta Luz. Kawu Efraín da Goggo Nubia na gaishe ka. Ran Lahadi in ka nemi albarka kamar kullum, kada ka yarda da ta baki kawai. Ka ce ta fito da hannu ta yi maka alamar gicciye irin ta da. Ka duba da kyau, sannan in ji ko ƙarfe za ka sake cewa.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Yurany