Jan Layin Jirgin Babanka

Hadejia,
9 ga Satumba.

Zuwa ga ɗana Zaharaddeen,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Bilkisu da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Gaisuwar ta ƙare a nan. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun Kolo mai kifi.

Ka ce mini jirgin ruwan marigayi babanka yana wurin gyara. Ƙarya ka yi wa uwarka. Sati uku ke nan ina bin sawunsa ta bakin mata 'yan kasuwa. Ran Litinin an gan shi yana ƙetarar da mutane wajen Auyo, ran Alhamis kuma ya maƙale cikin ciyawar kacalla, fasinjoji suna ta salati. Ka shafe shi da koren fenti, ka sauya masa suna, wai don kada in gane. Na sa Kolo ya duba mini: benci tara, inji mai ƙarfin doki goma sha biyar, facin kwano a goshinsa ta hagu. Ni na riƙe kwanon nan ranar da babanka ya buga masa ƙusa.

Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mini rai ba. Jan layin nan da babanka ya ja a jikin jirgin, shi ma ka shafe shi. Shekara ashirin da biyu, da zarar ruwa ya taɓa layin sai babanka ya sauke kaya, ko na mai gari ne. Mutum goma sha takwas yake ɗauka. Kai an ƙirga maka talatin da ɗaya, ga buhunan shinkafa, ga babura biyu, ga kogi ya cika ya tumbatsa. 'Ya'yan mutane ne, Zaharaddeen, ba buhuna ba. Me za ka faɗa wa Allah?

Na gaji da wa'azi. Ranar kasuwa mai zuwa za ka same ni a bakin ruwa da gwangwanin jan fenti. In ka mayar da layin, in koma gida. In ka ƙi, zan zauna a bencin gaba, kuma ba zan sauka ba har ka gama jigilar ranar. Ka san ban iya iyo ba. Sai ka loda yadda ka ga dama.

Ka gaida Bilkisu, ita ba ruwanta. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Ummussalma.